Tagar rufin mota ta ƙi rufuwa, tana zuwa tana komawa

Tambaya: Tagar rufin motata, mai gilashin nan da ke zamewa baya, ta ƙi rufuwa. In na danna maɓalli sai ta taho gaba, saura kamar taƙi ɗaya ta kai, sai ta tsaya ta koma baya da kanta. Ba a daɗe da canja wa motar batir ba. Wani ya ba ni shawarar in sa mutum ya tura gilashin da hannu ni kuma ina danna maɓalli. In yi hakan, ko akwai wata dabara?

Amsa:

Malam, kada ka bari kowa ya tura gilashin nan muddin moto, wato ƙaramin injin lantarkin da ke jan gilashin, na manne da shi, kuma ka dakata da yawan danna maɓallin har sai ka duba abubuwan da zan faɗa maka. Yadda ka kwatanta, tagarka da sauran lafiyarta. Moto na juyawa, fiyus bai ƙone ba, maɓalli na isar da saƙo. Tagogi da yawa da ake kawowa a kakkarye daga irin wannan ƙaramin ciwon suka fara, ƙarfin da aka sa musu ne ya ƙarasa su. Abin yana ba ni takaici, domin aikin da tsumma da burushi za su gama sai ya koma na sauke silin gaba ɗaya.

Sai ka san abin da ke ciki kafin ka ga dalilin hanin. A bayan silin, galibi daf da fitilar da ke saman direba, a wasu motocin kuma can baya, akwai ƙaramin moto na lantarki. A bakinsa akwai 'yar giya mai haƙora. Igiyoyin ƙarfe biyu suna bi ta gefenta, kowace da waya nannaɗe a jikinta yadda haƙoran giyar za su kama. In giyar ta juya sai ta tura igiyoyin biyu lokaci guda, ɗaya ta bi layin dama, ɗaya layin hagu. A ƙarshen kowace igiya akwai takalmin roba mai tauri da ke zamewa cikin layin alminiyam, tare da ɗan hannu mai ɗaga gilashin da sauke shi. Dole ɓangarorin biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa. Haƙori ɗaya in ya tsallake a gefe guda, gilashi zai karkace ya cije.

Giyar da ke can cikin moton kuwa irin wadda ba ta juyuwa daga waje ce. Moto na iya juya ta, amma turi daga gilashi ba ya iya juya moto. Saboda haka duk ƙarfin da mai turawa zai sa, ba inda zai sauka sai kan takalman robar nan da haƙoran igiya. Robar da ta yi shekaru tana shan zafin rana a ƙarƙashin rufi ta riga ta bushe, ba ta lanƙwasawa, karyewa take yi. Ga shi kuma gilashin rufi a yawancin motoci irin wanda aka gasa ne, in ya sami matsi a gefensa ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya a kan wanda ke zaune.

Komawar da kake gani da gangan aka gina ta. Akwai 'yar na'ura a jikin moton da ke ƙirga juyinsa ta hanyar maganaɗisu, da wannan ƙirga ce ƙwaƙwalwar tagar ke sanin inda gilashi yake da irin gudun da yake yi. In gudun ya ragu ba zato a wurin da bai kamata ba, sai ta ɗauka hannu ko wuyan yaro ne ya shiga tsakani, ta tsaya ta koma baya. Ƙa'idojin ƙera motoci na Turai da Amurka sun sa iyakar wannan matsi a newton 100, kwatankwacin nauyin kilo 10. Ƙwaƙwalwar ba ta da ido. Ba ta bambance hannun mutum da busasshen giris ko tsakuwa a layi. Ko dai akwai abin da ke riƙe gilashin da gaske, ko kuma ƙirgarta ta rikice tana zaton gilashin yana wani wuri daban, kuma cire batir na iya jawo na biyun a motoci da dama.

Na san zuciyarka za ta fi karkata ga batir, tunda bayan canja shi abin ya faru. Duk da haka da layi za ka fara. Dalili shi ne lokacin da ake sake koya wa taga iyakarta, kariyar matsin nan a kashe take. In akwai abin da ya tokare layi, moto zai bi ta kansa da dukkan ƙarfinsa, kai da kanka ka karya abin da kake gudun karyawa.

Wurin da ka ce tana tsayawa ma ya ja hankalina. Saura taƙi ɗaya, a daidai nan ne gilashi ke fara danne makarin iska, wannan ƙarfen ko ragar da ke tasowa a gaban ramin in an buɗe taga. Yana da hannaye biyu da sifirin a kowane gefe, kuma nauyin danne shi ƙari ne a kan moto. Ka buɗe tagar har ƙarshe, ka kashe mota ka zare makulli, sannan ka danna makarin da yatsa a dama, ka danna a hagu. Ya kamata ya sauka sumul ya taso da kansa, gefe biyun da ƙarfi ɗaya. In gefe guda ya cije, ko hannunsa ya fita daga mazauninsa, ko ya lanƙwashe, to ka kusa gano mai laifin. Sau da yawa mayar da hannun gurbinsa da ɗigon mai a mahaɗarsa ya isa.

Daga nan ka ɗauki tocila ka leƙa layukan biyu tun daga gaba har inda idonka zai kai a baya. Ganye, yashi, tsakuwa, 'ya'yan itace, duk ana samu. Abin da na fi so ka nema shi ne gutsattsarin baƙar roba ko fara. In ka gan su, wani abu ya riga ya karye a ciki, kuma wankewa kaɗai ba zai yi magani ba, ka tsallake zuwa maganar rufewa da hannu da ke ƙasa. In ba ka gani ba, zuƙe dattin da na'urar zuƙe ƙura. Kada ka hura shi da iska mai ƙarfi, don zai tura shi can baya inda hannu ba ya kai, ko cikin ramukan magudanar ruwa. Sai ka sami tsohon burushin haƙori da tsumma da ɗan sifirit, ka kankare tsohon giris ɗin da ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo. Ka yi ta gogewa har tsumma ya daina fitowa baƙi. Robar da ke kewaye da gilashin ita ma ka wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, don in ta bushe ta yi kaushi tana riƙe gilashi a matakin ƙarshe.

A wajen shafa mai ne mutane suka fi ɓata aikin. Giris mai kauri irin na ƙafar mota bai dace da nan ba, yana kama ƙura, kuma yana daskarewa in sanyi ya yi. Baƙin mai da duk wani mai da aka samo daga fetur yana kumbura robar bakin gilashi ya lalata ta. Man feshin nan WD-40 yana narkar da datti, amma ba ya daɗewa, 'yan kwanaki kaɗan layin ya koma a bushe fiye da da. Abin da ya dace shi ne giris na silikon, ko wanda kamfanin motar ya tanada musamman don tagar rufi. Kaɗan za ka shafa, yadda layin zai yi sheƙi kawai, a inda takalman ke bi. In kana ganin tudun giris da ido, ya yi yawa, goge.

Bayan layi ya yi fes sai a zo kan ƙwaƙwalwa. Tayar da injin tukuna, domin batir mai rauni yana rage gudun moto, wannan kansa yana sa taga ta koma baya. Tsarin sake koyarwar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka buɗe littafin motarka a babin tagar rufi ka bi abin da aka rubuta. Amma ƙashin bayansa ɗaya ne kusan ko'ina. Ana danne maɓallin a ɓangaren rufewa ko na ɗaga bayan gilashi, a ci gaba da riƙewa ko da gilashin ya tsaya, kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, wani lokaci fiye. Sai ka ga gilashin ya ɗan motsa, ko ya fara tafiya da kansa: ya ɗaga, ya sauka, ya buɗe har ƙarshe, ya dawo ya rufe. Kada ka saki maɓallin a tsakiyar wannan zagaye, in ka saki sai an sake daga farko. Kada kowa ya sa hannu ko kai a ramin, yara su yi nisa da motar. Kunnenka kuma ya kasance a kan sautin: in ka ji moto na nishi ko wani abu na ƙas-ƙas, saki nan take, gara a sake daga farko.

Akwai wata hanyar gaggawa da wasu kamfanoni suka tanada. A motocin Volkswagen da yawa, in taga ta koma baya, ka sake danne maɓallin rufewa cikin daƙiƙa 5 ka riƙe, za ta rufe ba tare da kariyar matsi ba. Wasu motocin kuma taku-taku suke rufewa in ana danna maɓallin ana saki. Wannan na ranar da ruwan sama ya taso ne, kuma bayan ka tabbata da idonka babu komai a layi.

In ka yi duk wannan, akwai kyakkyawan zaton tagarka za ta rufe. Amma bari in faɗa maka yadda ake karanta sauran alamun, don in yanayin ya canja ka san inda ka dosa. Ka kashe rediyo da fanka, ka danna maɓalli sau ɗaya, ka saurara.

In shiru ka ji, ko ƙyas babu, matsalar wuta ce. Ka jira 'yan mintuna tukuna, domin moton yana da kariyar zafi da ke yanke shi in an yi ta wahalar da shi, ya dawo in ya huce. Sannan ka duba fiyus. Murfin akwatin fiyus ko littafin mota zai nuna maka wanne ne, yawanci mai lamba 20 ne ko 25 ko 30. Ka maye shi da mai lamba ɗaya da shi. Kada a sa wanda ya fi shi, kada kuma a naɗa waya a gurbinsa, wayoyin nan ta cikin silin suke bi, kuma silin abu ne mai kama wuta. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, ko moto ya cije, aikin mai gyaran waya ne. In fiyus lafiya, ana zargin maɓalli. Wasu motoci suna rufe tagogi duka in ka sa makulli a ƙofar direba ka murɗa ka riƙe, ko ka danne maɓallin kullewa na rimot. In ta rufe ta wannan hanya, moto lafiya lau, maɓallin silin ne ya mutu. Abin da ya rage sai a sa mita a soket ɗin moto a ga ko volt 12 na isowa. Wani gargaɗi a nan: tsofaffin motoci masu waya biyu ana iya ba su wuta kai tsaye daga batir, amma na yanzu ƙwaƙwalwarsu a jikin moton take, wayoyinsu da yawa, in aka jona wuta a inda ba nan ba an ƙone ta.

In ka ji ƙyas ko gunji amma gilashi bai motsa ba, wuta na zuwa, wani abu ne ya cije. Daina dannawa. In kuma moto na gudu fiii babu nauyi, gilashi na tsaye, to haƙoran giya sun cinye ko wayar jikin igiya ta goge a wurin. Ƙarar kar-kar-kar alamar haƙora na tsallake igiya ce, kuma kowane dannawa yana ƙara cinye su. In gefe ɗaya ya riga ɗaya, ko kusurwa ɗaya ta baya ta tashi ɗayar ta kwanta, takalmi ko hannun ɗagawa ya karye. Duk waɗannan ba a gyara su da maɓalli. Abin da ake nema a lokacin shi ne a rufe ramin lafiya, gyara ya biyo baya.

Rufewa da hannu yana da hanyarsa. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, in ka ɓalle murfin fitilar silin ko ɗan murfin da ke kusa da ita, za ka ga cibiyar moton da rami mai kusurwa shida. Alanki, wato ɗan makullin ƙarfe mai kusurwa shida, ake sawa, yawanci mai milimita 4 ko 5, wasu kamfanonin ma suna sako nasu a cikin kayan aikin mota. Kashe mota, tura alankin ya zauna sosai, a wasu sai ka danna shi ciki kafin ya kama, sannan ka juya a hankali kana kallon gilashin ka ga ko gaba yake yi ko baya. Juyin yana da yawa, gilashin kaɗan-kaɗan yake tafiya, sai haƙuri. Ya kamata ka ji nauyin bai ɗaya. In ya yi tauri farat ɗaya, tsaya, koma baya kaɗan, nemo abin da ya tare. Kada ka ɗaura alankin a injin huda don sauri. Kuma da gilashi ya daidaita da rufi ka tsaya, in ka wuce zai fara ɗaga baya.

In motarka ba ta da wannan rami, sai a kwance moton. Notuna biyu ko uku ne ke riƙe da shi, galibi masu kan tauraro. Da ya fita, igiyoyin sun saku, a nan ne kaɗai turawa da hannu ta halatta. Mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, tafin hannu a shimfiɗe kusa da layi, a tafi tare a hankali. Matakin ƙarshe, inda bayan gilashin ke tasowa ya daidaita da rufi, ba gilashin ake turawa ba, takalman ne ake ci gaba da turawa gaba ta ciki har hannayen su ɗaga shi. Kafin a mayar da moto dole takalman biyu su kasance daidai wa daida, akwai alama ko ɗan rami a layin da ake daidaita su da shi a yawancin tagogi, shi ma moton a mayar da shi matsayin rufe kafin a ɗaura. In aka yi sakaci a nan taga za ta rufe yau, gobe ta karkace. Wanda bai taɓa yi ba, na fi son ya tsaya a kan rufewa, ya bar daidaitawar ga wanda ya saba.

In aikin ya kai ga sauke silin, ka tuna motoci da yawa suna da jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari, a naɗe a gefen rufi, tun daga ginshiƙin gaba har baya. A cire kan batir a jira 'yan mintuna kafin a taɓa wurin, kuma kada a ja ko a huda wayoyi masu soket ruwan ɗorawa, don su ne na jakar iskar.

Idan duk an yi ta ƙi, kuma dole motar ta kwana a haka, rufe ramin daga waje da leda mai kauri wadda ta zarce shi ta kowane gefe. Yi amfani da salatif irin na masu fenti, wanda ba ya barin danƙo ko ɗaye fenti, ka fara manne gefen gaba yadda iska ba za ta shiga ƙarƙashi ba. Ka ajiye motar a ƙarƙashin rumfa in da hali, kuma kada ka yi gudu da ita a haka. Kada ka raina ruwan da zai shiga. Silin zai yi tabo ya saki, wannan ƙaramin abu ne. Babbar ɓarnar tana ƙasa, domin motoci da yawa akwatunan lantarkinsu da mahaɗar wayoyinsu a ƙarƙashin kafet da kujeru suke, kuma soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa makonni ana ganin sama a bushe.

Bayan ta rufe, ka tsaya a gefen mota ka dubi yadda gilashin ya zauna. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce gefen gaba ya yi daidai da rufi ko ya ɗan nutse da kamar milimita 1, gefen baya kuma ya yi daidai ko ya ɗan taso da kamar haka. In gaba ya fi rufi tsawo, iska za ta riƙa yi maka fito a kan hanya. Ana gyara wannan da notunan da ke riƙe da gilashin ta gefe, huɗu ko shida, a bayan wata roba mai naɗi da ake gani in an ja labulen tagar zuwa baya. Kafin ka sassauta ko ɗaya, zana alama a kewayensa don ka san inda yake tun asali.

Tunda ka riga ka buɗe wurin, duba magudanan ruwa. Robar bakin gilashi ba a yi ta don ta hana ruwa shiga ɗungurungum ba. Akwai faranti a ƙarƙashi da ke tare abin da ya zubo, da rami a kowace kusurwa, bututu na ɗauke ruwan ta cikin ginshiƙan mota ya zubar a ƙasa. Zuba ruwa kaɗan a kusurwar gaba, ya kamata ka gan shi yana ɗiga a bayan tayar gaba ba da jimawa ba. In ya taru bai tafi ba, zura igiyar roba mai laushi a hankali ka buɗe shi. Wayar ƙarfe tana huda bututun, iska mai ƙarfi kuma tana fizge shi daga mahaɗarsa a bayan silin, daga nan ruwan cikin mota zai riƙa zuba kai tsaye. Ruwan da ke kwanciya a farantin nan shi ne ke wanke giris ya sa igiyoyi tsatsa, don haka toshewar magudana da cijewar taga sau da yawa tafiyarsu ɗaya.

In ya tabbata wani abu ya karye, zaɓi uku ne a gabanka. Ana sayar da takalma da hannaye da igiyoyi daban ga motoci da dama, kuma in za a canja, a canja gefe biyun tare, domin shekarunsu ɗaya, wanda bai karye ba yana hanya. In layin kansa ya lanƙwashe ko firam ɗin ya tsage, sai dai a sauke shi gaba ɗaya a sa wani, aikin da ke cin yini, kuma ya fi nauyi a manyan tagogin nan masu gilashi biyu da suka mamaye rufi. In na hannu za a saya, a gwada shi a ƙasa da moto a jone, ya buɗe ya rufe, kafin a ɗora. Na ukun kuwa, in motar ta tsufa kuma tagar ba ta dame ka ba, a rufe ta ta zauna daidai, a bar moton a ɗaure don shi ke kulle igiyoyin kada gilashi ya zame, sannan a zare soket ɗinsa. Na fi son zare soket a kan cire fiyus, domin a wasu motocin fiyus ɗin yana ciyar da wasu abubuwan. Kada a bi bakin gilashin da gam ko silikon na gini, yana hana gyara nan gaba kuma yana ɓoye tsatsa. Ko an kashe tagar, magudanan nan huɗu suna nan suna aiki, sai a ci gaba da duba su sau ɗaya ko biyu a shekara.